Ginshiƙin Doña Fuensanta

Tururuwar ta tsaya a ƙofar wani shagon dukanci, ta ɗaga ƙafafunta na gaba ta dafa bango. Wani siririn haske ya fito daga goshinta, ya bi dutsen da ke kusurwa daga sama har ƙasa. Can sai ta zare shi kamar mai cire haƙori, ta cusa ƙarfe a gurbinsa, ta goya dutsen, ta bi sahun 'yan'uwanta.

Injuna ne masu ƙafa shida, kowace ta kai girman jaki. Tasi'u Barmo, injiniyan da aka ɗauko daga Daura don ya kula da su, shi ya sa musu suna Tururuwa. Ƙwaƙwalwar da ke ba su umarni kuwa ana ce mata Maido.

A ƙarni na ashirin da biyu, yawancin mutanen Kurduba sun koma dogayen benayen gilashi a ƙetaren kogi. Tsohon gari ya zama wurin baƙi: su taka gadar Rumawa, su shiga babban masallacin nan da aka gina coci a tsakiyarsa, su leƙa unguwar Yahudawa. A bayan gari akwai kangon fadar Zahra. Bayan faɗuwarta, mutane sun daɗe suna kwasar duwatsunta suna gini, domin al'adar magina ce a can, wanda ya zo ya yi gini da abin da na gabansa ya bari. Aikin Maido shi ne ta karanta ƙwayoyin dutse da sawun gizago a jikinsa, ta gano inda aka fara aza shi, Tururuwa su mayar. Cikin damina guda fadar ta soma miƙewa, duniya tana kallo tana tafi.

Tasi'u ya ƙi zama a benayen. Ya kama ɗaki a soron wata tsohuwa, Doña Fuensanta, wadda yake kira Iya. Tsakar gidanta cike take da tukwanen furanni a jikin bango, tana ba su ruwa da gwangwani ɗaure a kan doguwar gora. A tsakiya akwai wani ginshiƙi na farin dutse, shi ke ɗauke da soron. A jikinsa take ɗaura igiyar shanya.

Wata safiya Tururuwa ta shigo, ta haska ginshiƙin, ta buga masa jan tambari. Na fadar Zahra ne.

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta dai gaya masa cewa a nan aka haifi uwarta, kuma idan aka taɓa ginshiƙin gidan zai rushe, domin ginin ƙasa da farar ƙasa ne, bai san ƙarfe ba. Sannan ta dube shi ta gefen ido.

"Ɗan nan, in kowa za a mayar da shi inda ya fito, ai da kai za a fara."

"Iya, ni ba na ɗauke da soron kowa."

"Kana dai ɗauke da tuwona a cikinka," in ji ta, ta koma ga furanninta.

Ya je wurin shugabar kamfanin da ya ɗauko shi aiki, ya roƙi a ƙyale gidan. Ta saurare shi da kyau, ba mugunta gare ta ba. Ta ce idan aka ɗaga wa gida ɗaya ƙafa, gobe unguwa duka za ta zo da tsofaffinta. Hanya ɗaya ce: a nuna cewa Maido ta yi kuskure, dutsen ba na fadar ba ne.

Tasi'u ya dawo ya durƙusa a gindin ginshiƙin yana shafawa. Ya ga sassaƙar ƙasan ta bambanta da ta sama, ta fi ta tsufa. Ransa ya yi sanyi. Idan dutsen ya girmi fadar, to fadar ma aro ta yi, ba ta da ikon karɓa. Ya buɗe allonsa ya ba Maido sabon umarni: kada ta tsaya a amsar farko, ta bi asalin dutse har inda ya ƙare.

Maido ta bi. Ta ce kafin fadar, ginshiƙin ya tsaya a gidan wani Barume, tun zamanin Rumawa. Tasi'u ya yi murmushi, domin gidan nan babu ko tushensa, ba inda za a kai shi. Amma injin bai tsaya ba. Kafin gidan Barumen, dutsen yana jikin wani tsauni a arewa da gari, kuma ramin da aka sassaƙo shi yana nan.

Kafin ya gama karantawa, Tururuwa biyu sun shigo. Ya nemi janye umarnin, Maido ta ce sai da izinin hedikwata. Yana ta kira, tsohuwar tana kwance igiyar shanyarta don kada a tafi da ita.

Ba gidan kaɗai ba ne. Umarnin ya shiga kowace Tururuwa a gari. Waɗanda ke fadar suka fara warware abin da suka gina. Wasu suka jeru a kan gadar Rumawa suna haska ta. Mafi yawa suka taru a ƙofar masallacin, inda ɗaruruwan ginshiƙai ke tsaye, da yawansu aro ne daga gine-ginen da suka gabace shi. A wurin Maido, babu dutse ko ɗaya a Kurduba da ke gidansa. Shugabar ta sa aka katse wutar injunan gaba ɗaya, Tururuwar farko tana daf da shiga. Aka ceci masallacin da gadar, jaridu suka yi ta godiya.

Ƙarfen da aka kafa a gurbin ginshiƙin tsohuwar bai riƙe ba. Bango ya tsage, soron ya sunkuya, hukuma ta rufe ƙofar. Aka ba ta ɗaki a benayen gilashi, aka ce tukwane uku kawai za ta iya ɗauka.

Ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, shi kuma bai daina zuwa gaishe ta ba. Wata rana ta ce ya kai ta ta ga inda aka mayar da ginshiƙin. Suka hau tsaunin a ƙaramar motar sama, ya riƙe mata hannu har bakin ramin. Kafin a katse wutar, Tururuwa sun yi aikinsu da kyau. Sun mayar da dutsen, sun narke gefensa da jikin tsaunin, ko layi ba a gani. Tasi'u ya duba allonsa, ya nuna mata wani wuri a fuskar dutsen.

Ta aza tafinta a kai, ta daɗe.

"A nan yake?"

"Haka injin ya ce, Iya."

"To, a nan me yake ɗauke da shi?"

Tasi'u ya ɗaga kai ya duba. Babu komai a samansa sai ciyawa.