Ruwan Aron Da Munka Dafa

Akwai wani mutum a Sakkwato, mai farin gilashi da tattausar murya, wanda ya sa hannu a takarda cewa Malama Mashkura ƙarya ta shirya a bincikenta. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya san kansa, kuma na san zai karanta wannan, don irinsu ba su iya wuce abin da anka rubuta a kansu. To ka ji, Malam. Kai ka kashe aikin nan da dokarka ta rana ɗaya. Ni kuma na taya ka da hannuna, shi ya sa har yau bakina ya ƙi rufuwa.

Sunana Mode. Aji huɗu na yi a firamare, anka kore ni saboda na mari ɗan hedimasta. Na yi kwandasta, na bi motar albasa har Fatakwal, na dawo gida ina da shekara arba'in na kama jirgin ubana a dam ɗin Goronyo. Turancina a jikin kwali da kwalba na tsince shi.

A bakin dam ɗin Malama Mashkura ta same ni. 'Yar Wurno ce, tana neman digirin dakta a kan ƙananan halittun da ke cikin ruwa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ɗakin gwaji. Haya ta ɗauke ni in riƙa tuƙa ta. Ban yi wata biyu ba na dame ta da tambaya, har ta gaji ta ce in leƙa madubin da kaina. Ɗigo ɗaya na ruwan da nake wanka da shi tun ina tsirara. Na ga abubuwa suna iyo, suna bin juna, suna cin juna, kamar ranar kasuwar Gandi. Tun daga ranar ban bar ta ba. Na koyi ɗibar ruwa ba tare da yatsana ya taɓa bakin kwalba ba. Na koyi zuba abincinsu a ƙananan farantan gilashi, a sa a akwatin ɗumi, kwana biyu ka ga sun tsiro ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. Akwai masu digiri biyu a ɗakin nan da ba su kai ni tsabtar hannu ba, kuma na sha faɗa musu.

Abin da ta gano shi ne wannan. Can bayan Kagara akwai wata tungar masunta da ke shan ruwan wani gurbi mai zurfi. Duk damina amai da gudawa kan zagaya ƙauyukan gefensu, amma su ko ciwon ciki ba su yi. Malama ta tarar akwai wata halitta a gurbin da ke cinye ƙwayar cutar. Shekara uku tana kanta. Har wata cibiyar binciken teku ta rubuto cewa in ta kammala ta zo, ga gurbin aiki. Matar da ba ta taɓa ganin teku ba, hotonsa ne a fuskar wayarta. Abu ɗaya ya rage, ta maimaita gwajin a gaban masu jarrabawa.

Gurbin ruwan nan yana da mai kula da shi, Baba Maccido, sarkin ruwan tungar. Ranar farko da munka je da kwalabe ya daɗe yana duban su.

Ya ce, "Ɗiyata, mi za ki yi da ruwa cikin kwalba?"

Ta ce, "Dubawa zan yi, Baba. Ɗan kaɗan nike ɗiba, sauran ba ni da aiki da shi."

"To sauran ki maido. Ruwan wurin ga aro na, ba kyauta ba. Wanda ya sha, ya sha. Wanda ya ɗauka ya yi nisa da shi, kwana bakwai garai. Yadda ya ɗauke shi, hakanan za ya maido shi."

Na yi dariya, na ce, "Baba, har ruwa ma sai an ba shi rasit?"

Bai ko kalle ni ba. Ya ce wa Malama, "Wanga direban naki baki garai. Ki riƙa tuna mishi."

Malama ba ta raina tsofaffi. Duk mako, abin da ya rage a kwalabe ni nake komawa da shi in juye a gurbin. Shekara uku ban tsallake ko sau ɗaya ba.

Sai anka kawo mai farin gilashi ya zama shugaban ɗakin gwaji. Satinsa na biyu ya liƙa takarda a ƙofa: babu ruwan da zai fita daga ɗakin nan sai an dafa shi a tukunyar tururi, wadda ke kashe duk wani abu mai rai. Malama tana Abuja a lokacin, ta je gabatar da takarda. Na same shi a ofis na yi masa bayani da ladabi, iyakar ladabin da Allah ya ba ni. Na ce ruwan kwalabe huɗun da ya rage a makon ba a taɓa shi ba, daga gurbi ya zo, gurbi zai koma.

Ya ce, "Kai wane ne a nan?"

Na ce, "Ni ne wanda ya san inda ruwan ya fito."

Ya ce, "Nan jami'a ce, ba fadar bokaye ba." Ya kira masinja ya sa anka zuba kwalabe huɗun nan a tukunya a gabana.

Na zage shi, ba zan ɓoye ba. Amma da tukunyar ta huce, na ɗauki kwalaben na duba. Ruwa ne dai. Har ya fi na da haske. Na ce a raina, ruwa ruwa ne, wa zai bambance? Ni da na leƙa madubi sau dubu, ni na faɗi wannan maganar.

Ranar ce ta bakwai. Motar da na shiga ta yi faci a mararrabar Wurno, sai da rana ta yi ja na isa bakin ruwa. Ban biya ta wurin Baba Maccido ba, don na san zai yi tambaya. Na kwance jirgi, na ajiye kular kwalabe a tsakanin ƙafafuna, na tura.

Yamma ce irin ta kullum. Injinan ban ruwa suna ta ƙugi a gonakin albasa. Warin taki, warin kifin da ake banda a tunga. Kwaɗi sun fara. Wata mata can nesa tana kiran akuyarta.

Na isa gurbin. Ruwansa kore-kore ne, mai kauri, ba ka ganin tafin hannunka in ka nutsa shi. Na buɗe kwalba ta farko na juye. Ta biyu. Ta uku.

A ta huɗu na lura kwaɗin sun yi shiru.

Injinan ma. Ba mutuwa sunka yi ɗaya bayan ɗaya ba. Kamar an toshe mini kunne da auduga.

Na dubi inda na zuba ruwan. Bai gauraya ba. Ya tsaya a wuri ɗaya, fari tas, kamar faifai a kan koren ruwa. Ina kallo yana faɗi. Ya kai faɗin tabarma. Ya shige ƙarƙashin jirgina.

Na ga ƙasan gurbin. Gurbin da gora uku ba ta taɓa ƙasansa. Babu kifi, babu ciyawa, babu ko ƙwaro. Farin yashi kawai, shararre kamar tsakar gidan da anka yi rasuwa anka watse.

Sai wari ya taso. Na san shi. Warin tukunyar tururi ne in an buɗe murfi, ɗumi-ɗumi, kamar tsumman da anka dafa.

Gindin jirgin ya nutsa kaɗan, yadda yake yi in mutum ya zauna.

Ban juya ba.

Daga bayana anka fara wani kira, can ƙasa-ƙasa, da harshe da leɓe. Irin kiran da makiyayi ke yi wa shanu in za a koma ruga. An yi, an saurara. An sake yi, an saurara.

Babu abin da ya amsa.

"Mode."

Muryar tsohuwa ce, a daidai ƙeyata. Numfashinta sanyi.

"Nawa ka ɗauka?"

Na ce, "Kwalba huɗu, Inna."

"Ba kwalba nika tambaya ba."

Na san amsar. Na taɓa taya Malama lissafin abin da ke cikin cokali ɗaya, sifilin ya cika layi.

"Na kira su, ba su zo ba. Ɗiyar nan tana ɗibar kaɗan, ina bari, don tana kiwonsu, tana ba su abinci. Kai mi ka yi musu?"

"Ba ni na dafa ba. Wallahi wani ne ya..."

"Hannun wa ya zuba?"

Ruwa ya fara shigowa ta gefen jirgi. Ba huda ba ce. Farin ruwan ne ba ya ɗaukar jirgin, muna sauka a cikinsa a hankali kamar ana zura guga a rijiya.

Hannu ya zagayo ta kafaɗata ya kama wuyan hannuna na dama. Siriri, jiƙaƙƙe, yatsun sun yi tsawo da yawa. Ta buɗe tafina. Ta shafe shi da babban yatsanta, daga tushe har ƙarshen kowane yatsa, a natse, yadda mace ke suɗe ƙwarya. Ta kama na hagu ta yi masa haka.

"Na kwashe nawa. Na gidan aikinku ma na kira su."

Ruwa ya kai mini gwiwa. Bakina yana son karanta Ayatul Kursiyyu, harshena ya ƙi juyawa.

Can gefe, kamar taku goma, na hango inda farin ya ƙare, kore ya fara.

Na taka gefen jirgi na yi tsalle.

Na faɗa cikin farin. Na yi iyo, babu abin da hannuna ke turawa, kamar ina iyo a iska. Ina sauka. Na ga yashin nan yana matsowa. Na miƙa hannu iyakar tsawonsa, yatsuna sunka taɓa wani abu mai yauƙi, mai ɗumi.

Koren ruwa. Ya ɗauke ni kamar an cafe ni.

Da kaina ya fito, kiran sallar magariba na fara ji daga tunga, sannan kwaɗi, sannan injina. Baba Maccido yana tsaye a cikin ciyawar bakin ruwa, riƙe da butarsa. Ya ja ni waje. Ya shinshina hannuna sau ɗaya, ya sake shi.

Ya ce, "Dafaffe ka kawo."

Bai ƙara ce mini komai ba, har ya rasu bara.

Jirgin ubana yana nan a ƙasan gurbin. Kowa na iya ganinsa, don ruwan bai sake yin kore ba. Damina ta gaba tungar ta yi gudawa irin ta kowa, sunka binne yara biyar.

Malama ta dawo daga Abuja ta buɗe firjin da take ajiye halittun da ta yi shekara uku tana reno. Ta shuka su a faranti, babu abin da ya tsiro. Ta sake, ta sake, har sau goma sha ɗaya. Ta je gurbin da kanta ta ɗebo, ta sa a madubi, fili fetal. Ranar jarrabawa ta tsaya gaban mutum biyar da farantai masu sheƙi kamar an wanke. Na faɗa mata gaskiya tun daren da ta dawo. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, "Malam Mode, wannan a wane shafi zan rubuta shi?"

Ni na shiga gaban kwamitin ba tare da an kira ni ba. Na ba su labarin nan kamar yadda na ba ku. Ɗaya ya rufe baki da hankici yana dariya. Na ce a kawo faranti sabo. Kowa a ɗakin ya san in mutum ya dangwala yatsa a kai, ko ya wanke hannu da sabulu, kwana biyu sai abu ya tsiro. Na tsoma hannuna a kwata a gabansu, na dangwala. Kwana biyu, babu komai. Mai farin gilashi ya ce farantin ne ya lalace. Anka kawo wani, ya ce shi ma. A na uku ya ce ba su da lokacin wasan kwaikwayo, ya sa hannu a takardarsa.

Yanzu Malama Mashkura tana koyar da 'yan sakandare a Rabah. Ta cire hoton teku daga wayarta.

Ni kuwa, matata Safara'u ta daina sana'ar masa, don ƙullu ba ya tashi in na shiga gidan. Nono in na taɓa ƙwaryar, ko ya kwana bakwai ba ya yin tsami. Masu daddawa a unguwarmu in sun hango ni sai su rufe tukunya su ce, "Mode, bi ta baya, don Allah." Furata kullum salam, kamar alli da ruwa.

Na san abin da wasunku ke cewa yanzu. Tsohon kwandasta ne, ya sha rana, ya faɗa ruwa ya ga abin da ya gani. To madalla. Ina tashar Goronyo kullum daga hantsi zuwa la'asar, kusa da masu lodin albasa, kowa ya san ni. Ka zo da farantinka, wanda ka zuba da hannunka, daga ɗakin gwajin da ka yarda da shi. In ba ka da faranti, ka zo da ƙwaryar madarar da anka tatso da safe. Zan sa yatsa ɗaya. Ka tafi da abinka gida, ka kulle, ka ba shi kwana bakwai.

In ɗigo ɗaya ya tsiro, ko madarar ta yi tsami, ka dawo tashar nan ka kira ni maƙaryaci a gaban jama'a. In kuwa ba ta yi ba, sai ka faɗa mini wanda ya yi ƙarya tsakanin Malama Mashkura da mai farin gilashi.