Ruwan Zafi a Gindin Bishiya

Duk damina Nusret yakan kwashi matarsa Zumreta da 'yarsu Lamija su tafi gandun dajin gwamnati, su kafa tanti a bakin kogi. A wannan shekarar gindin wata tsohuwar bishiya ya zaɓa, don shi mutum ne mai son inuwa, ba mai son shawara ba.

Da magariba ta yi, Zumreta ta gama wanke tukunyar gahawa. Tun tana yarinya uwarta ta koya mata ba a zubar da ruwan zafi bayan faɗuwar rana sai an nemi izinin masu wurin. Ta buɗe baki ke nan Nusret ya yi dariya, ya ce ashe da kakarsa ya zo hutu. Kunya ta kama ta, ta watsa ruwan a kan saiwar bishiyar ba ta nemi izinin ba.

Dajin ya yi tsit. Sai tsakuwa ta fara sauka a kan tanti, ɗaya bayan ɗaya, ba mai jifa. Suka tattara suka koma gida, jifan ya bi su har kan rufi. Lamija ta daina ci, ta daina gane uwarta. Likita ya duba, bai ga komai ba. Zumreta dai sai kuka.

Aka ɗauko liman Ramiz. Yana cikin karatu yarinyar ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ɗana aka ƙona, malam. Wadda ta ƙona shi ita ma ta ɗanɗana."

Liman ya yi ta ba ta haƙuri har ta sauko. Ta ce duk shekara a zuba ruwan sukari a kan saiwar nan, da hannun da ya yi ɓarnar; ranar da aka fasa, za ta dawo. Lamija ta yi atishawa, ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Da shekara ta zagayo suka koma, suka tarar an sare bishiyar, an shimfiɗa kwalta don ajiye motoci. Zumreta ta durƙusa tsakanin motocin mutane tana zuba ruwan sukarin nan da can, tana roƙo, ba ta san inda saiwar take ba.

Tana cikin haka ta ji tsakuwa ta faɗo a kan motarsu, inda Lamija ke zaune.