Leɓen Amenhotep

Ranar da Ziyad ya fara ganin Nesma, tsawa ta daka masa.

"Malam, ɗauke hannunka daga gwiwar sarki!"

Tana bisa tsani tana goge mutum-mutumin Amenhotep, sarkin zamanin da, wanda leɓensa ya ɓalle. Shi kuwa masanin taurari ne daga Alƙahira, bawan Allah, bai san mu nan Luksor ko yaro ba ya jingina da dutsen haikali ba.

"Yi haƙuri, gaisuwa na kawo masa daga takwaransa. Akwai wani dutse mai yawo a sararin samaniya da aka raɗa wa sunansa. Shekara uku ina bin sa."

"To namu ba ya yawo. Matsa."

Ina fa ya matsa! Wata huɗu yana zirga-zirga a jirgin ƙasa, har ta koma kiransa Tauraro, shi yana ce mata Sarauniya.

Amma mahaifinta, Rayyis Abdul-Basit shugaban masu tono, ya fi son aura wa ɗan ƙanensa Mahrus ita. A wurin shan shayi, gaban mutane, ya yi wa Ziyad dariya.

"Mai kallon sama ba ya ganin inda yake takawa. Shekara talatin ina neman leɓen sarkin nan cikin ɓaraguzai. In ka isa, nemo shi kafin Juma'a ta sama, in ba ka ita. In ba haka ba, Fatihar Mahrus za a karanta."

A wajenmu, maganar da namiji ya yi gaban maza ba ta komawa ciki.

Nesma ta tura wa Ziyad hotunan gutsattsarin dutse dubu huɗu. Daga nan shiru. Ta kasa zaune ta kasa tsaye. Mahrus kuwa har ya kai ɗinki.

Ta rubuta: "Tauraro, in ka fasa, faɗa mini. Shirunka na kashe ni."

Sai ran Alhamis amsa ta zo: "Sarauniya, ki ce da Baba ya buɗe rumbun ajiya. Ina tasha."

Ya shigo ido jawur, riga a yamutse. Ya wuce kwandunan gutsattsarin fuska ko kallo babu, ya durƙusa gaban kwandon yatsun ƙafa.

Mahrus ya tuntsire da dariya. "Jama'a, a ƙafa yake neman baki!"

Ziyad ya ɗauko wani ɗan jan dutse, ya juya shi.

"Baba, a kife aka ajiye shi, aka rubuta yatsa. Aikina ke nan, in ƙura wa ɗigo dubu ido har in gane wanda ba a mazauninsa yake ba."

Rayyis ya hau tsani da kansa, ya kara shi a bakin sarki. Dutsen ya zauna daram. Tsohon ya daɗe bai juyo ba, don kuka yake yi.

"Da hannuna na sa shi a kwandon nan, ina saurayi." Ya share ido. "Mahrus, yi haƙuri. Nesma, je ki ce da uwarki ta dama sharba, abin shan biki."

Ran Juma'a aka karanta Fatiha, mata suka rangaɗa guɗa. Rayyis ya kama hannun Ziyad ya ɗora kan na 'yarsa.

"Wannan ma a kife na so in ajiye ta. Allah ya yi muku albarka."