Jirgin Roba a Gaban Papa Uche

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta komai ba sai aikin makaranta. Labarin maƙwabtanmu Nkiruka da Gyang ne ya hana ni sakat.

A shekarar 1978 Nkiruka ce ke tsaron shagon fentin babanta, Papa Uche, a unguwar Gada Biyu cikin Jos. Kowa da gwangwani yake saye, ban da wani dogon saurayi ɗan unguwar Congo-Russia, akawu a kamfanin kuza, da ke zuwa da murfin kwalba a ɗiga masa. Ran nan ta tambaye shi ko gidan tururuwa yake wa fenti. Ya yi dariya, ya ce sunansa Gyang, ƙananan jiragen sama na roba yake harhaɗawa, irin waɗanda ake sayarwa gutsi-gutsi a kwali. Ita ta ɗauka jiragen fasinja ne.

Tun ana awon fenti har aka koma hira. Shi ya ce mata Nki tawa, ita ta ce masa Mai Murfi. Papa ma ya yarda manyansa su zo neman aure.

Ana saura kwanaki su zo, Gyang ya kawo mata kyauta, ya buɗe kwalin a gaban Papa. Jirgin yaƙi ne mai faɗin hanci, fukafukansa sun ja baya, an goge tabon gam tas da reza. Cikin jin daɗi ya nuna musu inda ya shafa baƙi a bakin bindigogin, wai don a ga jirgin ya yi aiki.

Papa ya miƙe ya shige ciki. Daga can ya aiko cewa kada wanda ya tako masa gida.

Washegari Nkiruka ta dira ɗakin Gyang, zuciyarta na tafasa. Jirage ne ko'ina, rataye da zare daga rufi. Ya fara cewa ai abin wasa ne kawai.

"Abin wasa? Kwanta a ƙasa."

"Nki tawa..."

"Kada ka kira ni haka. Kwanta, na ce."

Ya kwanta rigingine a siminti. Ta ɗaga jirgin na jiya saitin fuskarsa.

"Kai daga sama kake kallonsu, kamar mai su. Ni daga nan na gan shi."

A tsaye ta gaya masa. Shekarunta tara lokacin yaƙin basasa, sun gudu daga Jos zuwa ƙauyensu a gabas. Mamarta Theodora na suyar ƙosai a kasuwa, ta aike ta ɗebo ruwa. Wani jirgi irin wannan ya zo ƙasa-ƙasa, har ta ga layin ƙusoshin cikinsa. Da ta dawo, kaskon kawai ta gane.

"Aikin da ya yi ke nan. Kuma ni na auna maka baƙin nan da hannuna, a shagon mijinta."

Ta tsaya jiran ya ce bai sani ba, don ta samu dalilin fita ba waiwaye. Bai ce ba. Ya daɗe kwance yana kallon cikin jirgin, sannan ya tashi ya ɗauki reza, ya bi zarurrukan yana yankewa. Ba ta huce ba, amma ba ta fita ba.

Ran Asabar Gyang ya durƙusa a ƙofar shago, ya ajiye jirgin a gaban Papa.

"Baba, wata biyu na yi ina gyara shi, ban taɓa tambayar kan wa ya bi ba. Ga shi."

Papa ya dubi jirgin, ya ɗaga ƙafa ya take. Ya sake takewa, yana kiran sunan matarsa, har roba ta zama gari. Nkiruka ta tsince fiffike guda da ya yi tsalle, ta karya shi da kanta. Sai da Papa ya zauna yana haki ya ce shekara goma yana neman jirgin nan a inda ƙafarsa za ta kai.

"Ka gaya wa manyanka su zo. Amma baƙin fenti, ba a shagona ba."

Bayan Kirsimeti aka ɗaura aure. Papa ya ɗora hannu a kansu, ya roƙi Allah ya ba su gidan da yara za su ji ƙara a sama su fito kallo, ba su ruga ɓuya ba. Gyang bai daina harhaɗa jirage ba, sai dai yanzu na fasinja ne masu tagogi a jere, Nkiruka ke ɗiga musu shuɗi da tsinke, tana masifar Mai Murfi ya karkata wutsiya.

Ina can bayan benci ranar bikin. Da aka fara rawa na ɗauki takalmana a hannu, na bi ta ƙofar baya, na tafi gida in fara rubuta labarin nan.