Ɗan Awo a Gindin Bishiya

Bishiyoyi ne suka ƙare mata, shi ya fitar da ita daga gida rana na shirin faɗuwa.

Kowa a layin 'Yar Baba yake kiranta, ko da yake furfura ta fara leƙo mata ta gefen kunne. Sana'arsu ɗaya da mahaifinta. Shi ya sassaƙa ƙananan namun daji da katako, ita kuma ta gina musu daji a cikin akwatin gilashi. Ta zuba yashi, ta yi tudu da garin katako da gam, ta dasa 'yan bishiyoyin waya da soso, ta maƙala ƙwan fitila a sama ya zama rana. Wannan karon wani asibitin yara ne ya ba da aikin, za a ajiye a ɗakin jira, kuma da safe za a zo ɗauka.

Sai dai Baba ya daɗe da ajiye wuƙar sassaƙa. Ciwo ya kwantar da shi, hannun da ke fitar da gashin idon raƙumin dawa yanzu cokali ma gagararsa yake. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke tashi in ya yi tari. Ƙannenta maza kuwa gwanayen waya ne, su kira, su ce Allah ya ƙara sauƙi, su ce a gaida Baba, su kashe. Ta gaji, irin gajiyar da ke samun wuri a ƙashin baya ta shimfiɗa tabarma.

Kafin ta fita ta jefa ɗan awo a jaka. Ɗan awo wani ɗan mutum ne na katako, tsawon ƙaramin yatsa, da shi suke gwada bishiya kafin su saya. A tsayar da shi a gindinta, in ta yi masa inuwa ba ta danne shi ba, to za ta dace da dabbobin. Baba ya sassaƙa shi yana kallon madubi, da ranƙwafawarsa da hularsa mai karkata, har ya tsinki gashin gemunsa ya manna masa. Yakan ce wannan shi ne, sai dai ya fi shi haƙuri kuma ba ya cin abinci. Abu biyu ya ja mata kunne a kai tun tana yarinya. A shinshina bishiya kafin a saya, in ba warin gam da fenti take yi ba, a bar wa mai ita. Kuma ɗan awo ba ya zama a cikin akwati a rufe, aikinsa gwaji ne, yana gamawa a fitar da shi. Ba ta taɓa tambayar dalili ba, ta ɗauka cikin rigimar tsofaffi ne.

Shagon da ta saba saye a rufe ta same shi, da ƙaton kwaɗo. Ta tsaya tana kallon kwaɗon kamar zai ji tausayinta. Tana juyawa sai ta hangi wani ɗan lungu tsakanin shagon tela da na mai gyaran agogo. Shekara da shekaru tana bin wurin ba ta taɓa lura da shi ba. A bakinsa wata tsohuwa ce zaune, mayafi ya rufe mata rabin fuska, gabanta faifan ƙarfe cike da 'yan bishiyoyi.

'Yar Baba ta gaishe ta, ta tsuguna, ta ciro ɗan awo. Ta farko gajeruwa ce, kansa ya shige cikin ganye. Ta biyu ta yi tsawo, ya koma kamar tururuwa. Wata koren nata ya yi yawa, wata kuma sandar rake ce kawai aka sa wa hula. Gwiwoyinta suka fara zogi. Can a ƙarshen faifan ta ga wata mai faɗin kai, ɓawonta duk tamoji, saiwoyinta a waje kamar yatsun tsoho. Ta tsayar da shi a gindinta, sai inuwar ta sauka a kansa daidai wa daida.

"Ta yi masa," in ji tsohuwar, murya ƙasa-ƙasa. "Kamar don shi ta tsiro."

Ta ɗaga bishiyar za ta kai hanci. Sai ta tuna lokacin maganin Baba ya yi, kuma shi kaɗai ta bari. Hannun ya tsaya a hanya, ya sauka cikin jaka. Ta ajiye kuɗi a faifan, tsohuwar ko kallonsu ba ta yi ba. Ta dai ce a dasa ta inda babu hayaniya.

A hanya jakar ta yi ta jan kafaɗarta. Da ta shafa ƙasanta ta ji danshi, ta ce zufa ce.

Ta ba Baba magani, ta ba shi abinci cokali-cokali, rabi a baki rabi a gemu. Ta goge masa, ta gyara matashi. Ya bi ta da ido.

"Uwata, kin samo?"

"Na samo, Baba."

"Kin shinshina?"

"Na shinshina."

Ƙaryar ta fita da sauƙi har ta ba ta mamaki. Ba ta da ƙarfin jin wa'azi, shi ke nan.

Labule ne kawai tsakanin ɗakinsa da ɗakin aiki. Ta haƙa rami a tudun garin katako, ta ɗauko gam, amma kafin ta matsa bishiyar ta riga ta tsaya da kanta, kyam. Ta jera dabbobin da Baba ya sassaƙa tun yana da lafiya: giwa a bakin ruwan gilashi, barewa a kan tudu, raƙumin dawa yana miƙa wuya ga ganye. Ta tsayar da ɗan awo a gindin bishiyar don gwaji na ƙarshe, ta rufe murfi don ta ga yadda haske zai zauna, ta kunna fitila. Dajin ya yi kyau, kyan da bai taɓa yi ba. Ta ja kujera, ta ɗora kai a kan hannu don ta ɗan kalla. Barci bai yi mata sallama ba.

Ba ta daɗe ba, don da ta farka rediyon maƙwabta bai gama labarai ba. Shiru ne ya tashe ta. Tarin Baba, wanda ya zame mata kamar bugun agogo a gidan, babu shi.

Ɗakin na ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kamar an yi ruwan farko. Ba a yi ruwa ba.

Gyare na kuka. Ta duba taga, a rufe. Ta duba ƙarƙashin tebur. Kukan daga cikin akwatin yake fitowa.

Ta durƙusa, ta daidaita idonta da idon dabbobin, yadda suke duba aiki. Giwa ta bar bakin ruwa. Barewa ta sauka daga tudu. Duka sun taru a kusurwa mafi nisa, sun manna da gilashi, sun ba bishiyar baya.

Ganyen na motsi. Murfi a rufe yake.

Ɗan awo kuwa, da aka sassaƙa a tsaye, yana zaune. Ya jingina da gindin bishiyar, ya miƙe ƙafafu, hular ta zamo kan fuskarsa.

Ta yaye labule ta faɗa ɗakin Baba. Yana kwance rigingine, fuskarsa a sake, duk layukan ciwon nan sun goge. Ƙwan lantarki tsirara ne a ɗakin, amma inuwar ganye ce ke wasa a goshinsa. Ta taɓa shi, sanyi. Ta yaye bargo, tsakanin yatsun ƙafarsa akwai ɗanyar ƙasa. Mutumin da ya manta rabonsa da taka ƙasa.

"Baba."

Leɓensa ya motsa. Ta kai kunne.

"Inuwa," ya ce. "Da sanyi."

Ya ja numfashi. Ta jira ya sake shi. Ya daɗe kafin ya sake.

Ta koma da gudu, ta ɗage murfin. Iska mai sanyi ta bugi fuskarta, da warin rubabben ganye. A kan babban reshe wani abu na zaune. Siriri ne, ƙafafunsa dogaye suna lilo har suna shafar hular ɗan awo. Duk inda ta kafa ido don ta ga fuskarsa, sai idon ya zame.

Muryar a bayan kunnenta ta fito, muryar tsohuwar nan.

"Bar shi. Ya gaji."

Ba ta waiga ba.

"An sare bishiyata, wannan saiwar ce ta rage min. Maƙwabci nake so mai shiru. Ke kika gwada, ke kika ce ya dace."

Ta nemi addu'a, kalmomin suka watse.

"Ke ma kin gaji," in ji muryar, da taushi kamar ta uwa. "Mayar da murfin. Ki je ki kwanta har rana ta fito. Ba wanda zai kira ki."

Abin kunyar shi ne ta tsaya. Hannunta na kan murfin, ta ga gadonta, ta ga barci har hantsi, ba tari, ba wanki, ba fo. Ta ga fuskar Baba yadda ta bar ta, ba ciwo. Wa zai ce ta yi laifi? Murfin ya fara sauka, kuma hannunta ne ke sauke shi.

Daga bayan labule Baba ya ja numfashi.

Ta saurara.

Bai sake shi ba.

Ta ture murfin gefe, ta cusa hannu.

Sanyi ya kama ta har gwiwar hannu. Akwatin da bai kai kamu biyu ba, sai ta ji hannun na tafiya, yana tafiya, kamar a rijiya. Ta damƙi ɗan awo. Da ɗumi, kamar jikin mutum. Ta ja, ya ƙi.

Saiwoyi sirara kamar gashi sun naɗe masa idon sawun hagu, sun nutse cikin katakon. Wasu sun fara hawa yatsunta.

Ta laluba tebur da ɗaya hannun. Hantsaki. Ta tsinke ɗaya, wasu suka fito. Ta yar, ta lalubo filayar yanka waya.

Babu inda za ta sa bakin filayar. Saiwar da ƙafar sun zama abu ɗaya. Wuri ɗaya ya rage, sama da idon sawu.

Ta san abin da hakan ke nufi.

"Zai tashi cikin ciwo," in ji muryar. "Ba zai gode miki ba."

Dogayen ƙafafun nan suka sauko, suka taɓa bayan hannunta.

"Ka yafe min, Baba," ta ce. Ta yi bisimilla, ta matse.

Ƙas.

Baba ya ƙwalla ƙara, tari ya biyo baya, mai ƙarfi, mai muni, wanda ba ta taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba. Ta fizge hannu, saiwoyin suka tafi da fatar yatsunta. Ta kifa murfin, ta danne da akwatin kayan aiki, ta kashe fitilar. Gyaren ya yi shiru. A cikin duhun gilashin wani abu ya yi ta ƙwanƙwasawa a hankali, kamar baƙo mai ladabi, har ya gaji ya bari.

A gefen gadon Baba ta kwana, a zaune, ɗan awo a cikin tafinta.

Da safe bishiyar ta zama busasshiyar saiwa, ba ganye ko ɗaya. Dabbobin na inda ta jera su tun farko. Guntun ƙafar ne kawai ta nema ta rasa. Ta ɗauki saiwar da filaya, ta naɗe a tsumma, ta kai kasuwa. Tsakanin tela da mai gyaran agogo bango ne, tsohon bango har fentinsa ya ɓare. Ta ajiye ƙunshin a gindinsa ta juyo, ba ta tambayi kowa komai ba. Masu asibiti suka ɗan jira, ta murɗa musu bishiyoyin waya da hannu mai bandeji, suna warin gam har suna sa atishawa.

Baba ya rayu. Ƙafarsa ta hagu dai daga idon sawu zuwa ƙasa ba ta sake jin ko tsinken allura ba. Likita ya ce ciwon ne ya ci gaba. Baba ya ga ɗan awo rataye a wuyanta da zare, gurgu, ya daɗe yana kallo. Bai taɓa tambayarta ko da gaske ta shinshina ba.

Aiki ya koma yadda yake, juyi da wanki da tari. Gajiyar ma tana nan inda take. Abu ɗaya ne ya ƙaru. Kullum rana ta yi ja, in ta zo gyara masa matashi, sai ya riƙe mata hannu da 'yan yatsunsa, idonsa a kan labulen ɗakin aiki.

"Uwata," yakan ce a hankali, kamar mai roƙon abin da ya san an hana shi. "Bishiyar nan fa? Tun da na kwanta ban yi barci irin na ranar ba."

Ita kuma sai ta ja bargo ta rufe masa matacciyar ƙafar, ta danna ɗan awo cikin rigarta.

"Ba ta dace da awo ba, Baba," takan ce. "Ɗaga kai ka sha magani."