Tafintan Sojojin Ƙawance

"Halas, magana ta ƙare! Na ce ba zan ba shi ke ba!"

Juwairiyya ta ajiye tiren shayi. Babanta Na'ibi tela ne a unguwar Nuzla, can ƙasa mai tsarki, kunnensa kullum a rediyo, har ya fi sanin saɓanin Amurka da Turai a kan na maƙwabtansa.

"Baba, me Mustafa ya yi?"

"Shekaru yana yi wa sojojin ƙawance tafinta a Nijar! Mutanen da yau su rungumi ƙasa, gobe su kwashe jiragensu su bar ta. Ko a tsakaninsu babu yarda. Wanda ya ci abincinsu ya ɗauki halinsu. Kuma ina yake ɓacewa duk Juma'a? Da wa yake Faransanci a waya?"

Tambayar ta soke ta, don ita ma ta sha yi wa kanta. In ta taɓo zancen sai ya ce, "Wani aboki ne," ya sauya hira. Ta ci kuka har idonta ya kumbura, amma ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba.

Ran Juma'a Na'ibi ya ce, "Yalla, saka abayarki. Yau za ki ga ɗan leƙen asirinki da idonki."

Suka bi Mustafa a tasi har unguwar Balad, ya shige wani tsohon bene. Suka hau, suka tarar da ƙofa a buɗe. Ga Mustafa durƙushe, yana yi wa wani mai ƙafa ɗaya aski.

Suka yi sallama, mai ƙafa ɗayan ne ya amsa.

"Sunana Lado. Direban sansanin sojojin ne ni a Nijar, nakiya ta tashi da motata. Da sojojin suka tafi ba wanda ya waiwaye ni sai shi. Ya kawo ni Umra, ya tura ni ɗawafi a keke. Ni na roƙe shi ya rufa min asiri, ba ni da iƙama, takardar izinin zama."

Kunya ta rufe Juwairiyya, hawaye suka zubo mata. Na'ibi ya dubi Mustafa ya ce, "Ɗana, ka yafe min. Turo magabatanka."

Haƙurinta da biyayyarta ba su faɗi ƙasa banza ba. Kafin ka yanke wa mutum hukunci da halin iyayen gidansa, fara duba yadda ya riƙe wanda kowa ya yasar.