Gabar Kande da Ubangijinta

"Ki ɗauka kawai, Kande. Ki sa baki ki haɗiye, wa ka leƙa zuciyakki?"

Sai da na ajiye ludayin da nake juya zoɓo da shi kafin na ɗago na kalle shi, don ban yarda da hannuna ba.

"Mi kac ce, Bawa?"

"Kin ji ni..." Ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur ɗinsa. "Loma guda ta, da kurɓi guda. Inna ta gani, Baba Fasto shi gani, a yi sanarwar aurenmu, kowa shi huta."

"Wato in yi ma Allah ƙarya don uwakka ta huta."

"Kandena, ba haka nika nuhi ba."

"Kar ka ƙara ce man Kandena cikin gidan ga."

Bawa makaniken babura ne a tashar Sabon Birni, mutum mai sanyin hali, kuma tun ina cikin 'yan mawaƙan coci nake son sa. Amma a ranar nan ji na yi kamar in juye masa tukunyar a ka.

Cocinmu ƙarami ne. Gidajen Kiristoci 'yan ƙasa ba su da yawa a garin, sauran malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa baƙi. In ka yi tari a sahun baya, na gaba ya san muryarka. To a irin wannan wuri ne nake barin farantin Jibin Ubangiji, abincin tunawa da Yesu, ya wuce ni, wata bayan wata, alhali ni ce mai toya gurasar, ni ce mai dafa zoɓon da ake zubawa a 'yan kofunan. Aikin gidanmu ne tun kakata, ban bari ba. Ci ne dai ba na ci.

Dalilina kowa ya san shi. Bara 'yan bindiga suka tare mota a hanyar Isa, suka shiga daji da mutanen ciki. Babana Iliya yana cikinsu, dattijon ikilisiya, wanda shi ne ke zagawa da farantin nan. Na yi azumi har na faɗi a bakin rijiya. Na yi addu'a har muryata ta dishe. Aka ce mini in ba da gaskiya, na bayar da duk wadda nake da ita. Sai wani da aka sako ya dawo ya ce zazzaɓi ya kashe Baba a can, ko gawarsa ba mu gani ba.

Tun daga ranar na ɗauke wa Allah wuta. Ban ce babu Shi ba, na san yana nan. Gaba nake yi da Shi, irin wadda za ka wuce mutum a hanya ka kau da kai.

"Inna ta ce ba ta kai ɗanta ga wadda ba ta shiri da Mahaliccinta," in ji Bawa a hankali. "Dattawa kuma sun ce ba su ɗaura aure sai kin koma cin Jibi. Ni mi za ni yi? Ina son ki, Kande. Na gaji da jira."

"To ka tahi ga wadda ba a jira."

"Haka kinka ce?"

"Haka nic ce. Kai da nika zaton ka san ciwona, kai na ka koya man munahunci. Hita."

Ya fita. Na ji babur ɗinsa ya tashi, na ji har ya ɓace, sannan na zauna a bakin murhu na yi kukan haushi. Washegari Lahadi faranti ya zo gabana, na naɗe hannuwana, ya wuce.

Ashe akwai mai jiran wannan rana. Tasalla, wadda ta gaji wurina a cikin mawaƙa, ta daɗe tana kai babur ɗin yayanta garejin Bawa, babur da ba ya gajiya da lalacewa. Kafin mako ya zagayo ta koma 'yar gida a wurin Inna Asabe, mahaifiyar Bawa: ita ce daka, ita ce ɗiban ruwa. Kuma ba da hannu kaɗai take aiki ba, har da baki.

Ranar kasuwa na yi kiciɓis da su a rumfar masu kayan miya. Na durƙusa na gaida Inna.

"Lahiya lau," ta ce, ba ta ko kalle ni ba. "An ce kin samu sabon gida."

"Wane gida, Inna?"

"Gidan malam. An ce kullum kina can, har kin hwara tambayar yadda aka alwala."

Na juya na kalli Tasalla. Tana ta zaɓen tattasai kamar ba da ita ake ba.

"Tasalla, ke kinka hwaɗi haka?"

"Ni abin da nig gani nic ce, 'yar'uwa. Addu'a nika yi miki."

"Riƙe addu'akki, za ta yi miki amfani."

"Kin gani ko, Inna?" ta ce da 'yar muryar nan tata ta coci.

Inna Asabe ta gyara mayafinta. "Ubanki mutumin kirki na, Kande. Da shina raye da ya ji kunya."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Na tashi na bar kayan miyar da na saya a wurin.

Gaskiya ne ina zuwa gidan malam, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Amma ba alwala ke kai ni ba. 'Yarsa Adda Halima ce, wadda mijinta Atiku yake cikin motar nan tare da Baba, shi ma bai dawo ba. A duk garin ita kaɗai ce ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Daga kasuwa can na nufa, na same ta tana tankaɗe, na zazzage mata komai.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Duk wannan da kinka hwaɗa man, kin hwaɗa ma Shi?"

"Wa?"

"Wanda kika hushi da Shi."

"Ba ni magana da Shi, Adda."

"To ni ina yi. Da asuba in na ɗaga hannu, kuka nika yi in ce, ya Rabbi, Ka ga yadda anka bar ni da marayu. Ba ni da inda za ni kai ƙara in ba can ba." Ta karkaɗe rariyar. "Addininki daban, nawa daban, ba ni koya miki naki. Amma ke kin kai ƙararki ga Bawa, kin kai gare ni, kin kai ga tukunyar zoɓo. Mai maganar kaɗai kinka tsallake."

"In na buɗe baki ba daɗi za Shi ji ba."

"Shirun naki daɗi Shika ji?"

Na tashi a fusace, ko sallama ban yi mata ba. Ita ma ta shiga sahun waɗanda nake jin haushi.

Bayan 'yan kwanaki na duba buhu na ga busasshen zoɓonmu ya kusa ƙarewa. Shi ne na ƙarshe da Baba ya shuka da hannunsa. Gonarmu tana bayan gari kaɗan, tun rasuwarsa ban taka ta ba, amma an ce mini wanda ya zube bara ya fito da kansa a gefen kunya. Na ɗauki kwando da hantsi na tafi.

Ya fito kuwa. Ciyawa ta cinye gonar, gero babu, dawa babu, amma zoɓon nan ya yi jajur a kan iyaka yadda Baba yake jera shi. Na tsaya ina kallo. Sai na yi jifa da kwandon.

"Wannan Ka iya rayawa!" na ce da ƙarfi. "Zoɓo Ka iya rayawa, babu mai ban ruwa, babu mai noma. Baba hwa? Mi yay yi Maka? Wa ya kai shi tashi da asuba don aikinKa?"

Na ci gaba.

"Na roƙe Ka. Ka ji ni, kar Ka ce ba Ka ji ba. Na hana cikina abinci, na ce Ka ɗauki komi Ka bar man shi. Ka bari ya mutu bisa ƙasa kamar wanda ba shi da kowa. Ko likkahwani, ya Yesu... ko likkahwani."

Na faɗi abubuwan da ba zan iya rubutawa ba. Na zauna a kan kunya ina faɗa ina kuka, ina jiran a tsawata mini, ko ƙasa ta tsage. Ba abin da ya faru. Ban ji murya ba, ban ga haske ba, kada wani ya ƙara wa labarina gishiri. Abin da na sani shi ne, da maganar ta ƙare, ban ji an kore ni ba. Ji na yi kamar lokacin da nake ƙarama in yi ta dukan ƙirjin Baba don ya hana ni wani abu, shi kuwa ya riƙe ni har in gaji. Na daɗe a zaune, sannan na tsinci kwandona na cika shi.

Washegari na koma. Washegarinta ma haka. Da farko faɗa ne zalla, daga baya na fara ba Shi labarin Bawa, da na Tasalla, da tsoron da nake ji in mota ta tashi zuwa Isa. Wata safiya na ji bakina ya ce, "Ka riƙe man Baba da kyau," sai na gane na yarda yana wurinSa. Ban gaya wa kowa ba. Bawa kuwa ko a hanya muka haɗu, kowa kau da kai yake yi.

Ranar Jibi ta sake zagayowa. Na shiga coci na tarar Tasalla ta baro wurin mawaƙa ta zauna kusa da Inna Asabe, har mayafinsu iri ɗaya. Na zauna a bayansu ina danne zuciyata.

Sahun maza ake fara kai wa. Dattijo ya miƙa wa Bawa faranti. Bawa ya kalle shi, bai ɗauka ba. Sai ya miƙe tsaye.

"Baba Fasto, a gahwarce ni, ina da magana."

Kowa ya juyo yana kallonsa.

"Ni ban isa in ci ba yau. Na tahi gidan su Kande nic ce ta ɗauka ta haɗiye ko zuciyatta ba ta yarda ba, don a ɗaura muna aure. Ta ƙi. Ita ta ji tsoron Allah, ni na ji tsoron mutane." Ya dubi sahun mata. "Kuma maganar da aka yawo da ita, cewa za ta bar bangaskiya, ƙarya ta. Na san ƙarya ta, nay yi shiru. In ba Kande ba, ba ni aure. Ko shekara nawa za ta ɗauka, ina jira."

"Bawa, zamna," in ji Inna Asabe cikin raɗa mai ƙarfi. Tasalla ta dunƙule kamar an watsa mata ruwan sanyi.

Baba Fasto ya dube shi ya ce, "Zamna, ɗana. Mu ma dattawa muna da abin da za mu tambayi kanmu." Ya yi wa dattijon alama ya ci gaba.

Faranti ya iso sahun mata. Da ya zo kaina, dattijon ko tsayawa bai yi ba, ya saba. Na kama gefen rigarsa.

"Baba, dakata."

Na ɗauki gurasar. A zuciyata na ce, ban gama da Kai ba, har yanzu ina da tambaya, amma na gaji da zama nesa. Na ci, na sha. Zoɓon Baba ne, na san tsaminsa. Hawaye suka zubo mini, na bar su.

Da aka tashi, Inna Asabe ta same ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Abin da nic ce game da ubanki... ban kyauta ba, ɗiyata."

"Ya wuce, Inna." Bai gama wucewa ba, amma na san inda zan kai sauran.

Bawa yana tsaye a gindin dogonyaro, ya kasa matsowa. Ni na je.

"Ka ba ni haushi, Bawa."

"Na sani."

"Har yanzu ina jin shi."

"To ki hwaɗa man duka, kar ki yi man shiru. Shirunki ya kusa kashe ni." Ya share ido da bayan hannu. "Yaushe kunka shirya da Shi?"

"Ba mu gama ba. Muna dai magana."

"Ni hwa? Kandena... za ki jira ni in gyara tsakanina da Shi?"

"Za ni jira. Amma in ka ɗauki Jibi don idon Inna, na hwasa."

Bayan girbi aka ɗaura mana aure. Da Baba Fasto ya tambayi wanda zai ba da amarya, sai kowa ya tuna wanda ya kamata ya miƙe. Kafin kawuna ya tashi, na runtse ido na ce a raina, Ka gani ko? Nan ma da Ka bar man shi.

Bawa ya matse hannuna. "Lahiya?"

"Lahiya," na ce, ina kuka. "Magana nika yi."